Yadda Ake Ciyar da Kifin Ado da Tsutsar Sauro Ba Tare da An Tara wa Gida Sauro Ba

Duk wanda ya taɓa zuba tsutsar sauro a akwatin kifinsa na gilashi ya san abin da ke biyo baya. Kifin da kullum yake lafewa a kusurwa, wanda sai ya ga dama yake taɓa busasshen abincin gwangwani, nan take zai miƙe ya shiga farauta. Dalilin a jikin kifin yake. Ka duba bakin ƙananan kifayen ado irin su gofi, ko beta, ko gurami, ko danio: sama yake kallo. An halicce su ne don cin abin da ke saman ruwa, kuma a rafukan da suka fito babu abin da ya fi yawa a saman ruwa kamar 'ya'yan ƙwari. Tun a 1905 aka ɗauki ɗan kifin nan Gambusia daga jihar Texas ta Amurka aka kai shi tsibirin Hawaii domin ya cinye tsutsar sauro, daga baya aka baza shi ƙasashe da dama, haka ma gofi. Abin da hukumomin lafiya suka yi da gangan don rage sauro, shi ne mai kiwon kifi yake yi don ƙosar da kifinsa.

Sai dai wannan abinci ba kamar sauran ba ne, domin idan ka yi sakaci da shi fiffike yake yi ya tashi ya cije ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum kusan 597,000 a 2023 kaɗai, ban da denge da shawara da sauran cututtukan da sauro ke yaɗawa. Akwai ƙasashe, kamar Singafo, da ake cin tarar mutum idan aka sami tsutsar sauro a ruwan da ke gidansa, ko da bai sani ba. Saboda haka kafin ka ajiye bokiti ko ɗaya, ka bincika abin da dokar wurinka ta ce. Idan an hana, magana ta ƙare, sai ka nemi daskararriyar tsutsa wadda ake sayarwa don kifi. Idan ba a hana ba, duk aikin ya rataya ne a kan ƙa'ida ɗaya: kada ko sauro ɗaya ya tashi daga ruwanka. Wanda ya riƙe wannan, bokitinsa tarko ne, domin kowane ƙwan da macen sauro ta saka a ciki ya tafi cikin kifi maimakon ya ƙyanƙyashe a kwata. Wanda ya kasa riƙewa kuwa, garin neman ƙiba ya samo rama, kuma har maƙwabta sai sun taya shi biya.

Ka fara sanin abin da kake kiwo

Sauro yana bin matakai huɗu: ƙwai, tsutsa, sannan wani mataki na tsakiya da ake kira fufa, sannan sauro mai fiffike. Uku na farko duk a ruwa suke. A yanayin zafi, kamar digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyos, ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana 1 zuwa 2. Tsutsar takan yi saɓa sau huɗu tana girma, daga ɗan abin da bai wuce milimita 1 ko 2 ba zuwa kusan santimita 1, kuma hakan kan ɗauki kwana 5 zuwa 8 idan akwai abinci da ɗumi. Daga nan sai ta dunƙule ta zama fufa. Ita fufa ba ta cin komai, kanta ƙato, wutsiyarta a lanƙwashe, kamar alamar waƙafi a rubutu, kuma idan ka taɓa ruwan sai ta yi ta wuntsilawa zuwa ƙasa. Kwana 1 zuwa 2 take yi, bayanta ya tsage, sauro ya fito. Jimilla, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike, mako guda zuwa kwana 12. A sanyi abin kan ja har mako biyu ko fiye, amma kada ka yi lissafi da sanyi. Ka yi lissafi da mafi sauri.

Akwai nau'in sauro sama da 3,500 a duniya, amma uku ne za ka riƙa cin karo da su, kuma ana gane su tun suna ruwa.

Culex shi ne wanda kake so. Macensa tana son ruwa mai ɗan wari, mai ruɓaɓɓen ganye, kuma tana saka ƙwanta a haɗe, 100 zuwa 300 a manne da juna a tsaye, suna yawo a saman ruwa kamar ɗan ƙaramin kwalekwale. Da ido za ka ɗauka ɓurɓushin kunkunniya ne ya faɗa ruwa, tsawonsa bai kai rabin santimita ba. Fari ne lokacin da aka saka shi, ya koma baƙi cikin 'yan sa'o'i. Tsutsarsa tana rataye da kanta ƙasa, a karkace, ta ɗora dogon bututun numfashin da ke wutsiyarta a saman ruwa.

Anopheles, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugawa. Ƙwansa ɗai-ɗai yake sakawa. Tsutsarsa ba ta da wancan bututun, don haka kwanciya take yi a miƙe daidai da saman ruwa, kamar ɗan tsinke. Da zarar ka ga tsutsa a kwance haka, ka kwashe duka ka ba kifi a ranar, ka zubar da ruwan, kada ka jira ta ƙara girma.

Aedes, mai ratsin fari da baƙi a ƙafafu, mai cizo da rana, shi ne mai denge da shawara da Zika. Wannan ya fi wayo. Ba a kan ruwa yake saka ƙwai ba, a jikin bangon mazubin yake mannawa, ɗan sama da inda ruwa ya tsaya, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Ka zubar da ruwa, ka kifa bokiti, bayan wata biyu ka cika shi, sai ka ga tsutsa washegari ka rasa daga ina. Shi ya sa zubar da ruwa kaɗai ba ya wadatarwa, sai an goge bangon da soso mai kaushi.

Mutane kan tambaya ko kifi zai kamu da zazzaɓi, ko mai ɗebo tsutsar da hannu zai kamu. A'a. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ba ta cikin tsutsa, macen sauro ce ke ɗaukarta bayan ta girma ta ciji mai cutar. Hatsarin duka yana ga wanda ya tashi.

Haɗa ruwan tarko

Ka sami bokitin roba mai ɗaukar lita 10 zuwa 20, baƙi ko mai duhun launi, domin duhu yana jan macen sauro. Sabo ya fi, ko wanda ka tabbata ba a taɓa zuba sabulu, fenti, man inji ko maganin ƙwari a ciki ba. Kada ka yi amfani da mazubin ƙarfe, musamman na tagulla ko mai rufin tutiya, domin abin da ke narkewa daga jikinsu guba ne ga ƙananan halittun ruwa. Ka cika shi zuwa rabi ko kashi biyu cikin uku. Ruwan da ka cire daga akwatin kifi ranar canjin ruwa ya fi kowanne, don ya riga ya ƙunshi ƙananan halittun da tsutsa ke ci. Ruwan sama ma yana yi. Idan na famfo ne, ka bar shi ya kwana a buɗe kulorin ya fita, amma ka sani wasu kamfanonin ruwa suna amfani da kuloramin wanda ba ya fita da ajiya, sai an ɗiga maganin da ake sayarwa don gyara ruwan kifi.

Tsutsar sauro ba ta tauna ganye. Tana kaɗa 'yan gashin bakinta ne ta tace ƙwayoyin bakteriya da gansakuka da ɓurɓushin abin da ya ruɓe. Don haka abin da kake yi shi ne girka mata ruwa mai rai. Ka ɗauki busasshiyar ciyawa cike da tafin hannu, ko busassun ganyaye, ka ƙulle a tsohuwar safa ko ɗan ƙyalle, ka jefa a ciki. Ƙullewar tana da amfani: ranar kwashe tsutsa ba za ka yi ta fama da tarkace a raga ba. Masu binciken sauro ma da jiƙon ciyawa suke jan macen Culex zuwa tarkonsu. Ka tabbata ciyawar ba daga inda aka yi feshi ta fito ba. Cikin kwana 3 zuwa 5 ruwan zai yi launin shayi mara kauri, ya fara ɗan wari. Nan ne daidai. Idan ya yi baƙi ƙirin, yana ɗoyi, ya yi yana mai kauri a sama, ka wuce gona da iri. Yanar nan tana toshe bututun numfashin tsutsa ta shaƙe ta, kamar yadda mai ke yi idan ya bazu a kan ruwa. Ka shimfiɗa takarda a saman ruwan ka ɗaga, za ta kwashe yanar, sannan ka zubar da rabi ka ƙara sabo.

Kada ka sa nama, madara, kashin dabba ko ragowar abinci mai maiƙo. Suna kawo tsutsa da yawa, gaskiya ne, amma suna kawo ƙuda da cututtukan da ba ka so su shiga akwatin kifinka.

Ka ajiye bokitin a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa sosai, nesa da tagogi da ƙofofi da inda mutane ke zama da dare, kuma inda yara ƙanana da dabbobi ba za su kai gare shi ba. Bokiti mai rabin ruwa ya isa ya halaka jaririn da ya faɗa ciki da ka. Bokiti ɗaya ya ishi mai akwatin kifi biyu ko uku. Masu sabon shiga sukan jera biyar, su kasa bin lissafinsu.

Hanyar da ta fi: kwashe ƙwai, ba tsutsa ba

Yawancin mutane barin tsutsa suke yi ta girma a buɗaɗɗen bokiti, su riƙa kamfata da raga. Ana iya yi, zan zo kansa, amma ni ba shi nake ba da shawara ba. Abin da ya fi aminci shi ne ka mai da bokitin wurin saka ƙwai kawai, renon kuma ya kasance a rufaffiyar kwalba.

Macen Culex da dare take saka ƙwai. Kowace safiya ka je da ƙaramin cokali ko ɗan goga mai laushi, ka duba saman ruwan, musamman gefe-gefe inda iska ke tura su. Kwana biyun farko idonka zai riƙa tsallake su, daga baya ko daga nesa za ka hango. Ka zura cokalin a hankali ta ƙarƙashin kwalekwalen, ka ɗago shi da ɗan ruwa, kada ka kifa shi, domin ta ƙasan ƙwan tsutsar ke fita zuwa ruwa. Ka zuba a kwalba mai faɗin baki, mai ɗaukar lita 1 ko 2, wadda ka cika rabi da ruwan bokitin da ka tace. Kwalekwale biyu sun ishi lita ɗaya. Idan ka cunkusa, tsutsar za ta fito 'yar firit, ta yi ta mutuwa. Ka rufe bakin da yadin gidan sauro ninki biyu ko safar nailan, ka ɗaure da roba sosai. Iska za ta shiga, ko da wani ya riga ka ya yi fiffike ba shi da hanyar fita. Sannan ka rubuta kwanan wata a jikin kwalbar. Kada ka ce za ka tuna, ba za ka tuna ba.

Washegari ko jibi za ka ga 'yan ƙananan abubuwa kamar gashin ido suna mutsu-mutsu. Abincinsu kaɗan ne ƙwarai: ɗan busasshen abincin kifi da ka murje ya zama gari, gwargwadon abin da zai tsaya a kan tsinken ashana, sau ɗaya a rana, ko ɗigo biyu na yis da aka dama da ruwa. Ma'aunin shi ne ruwan ya ɗan yi hazo bayan ka zuba, ya washe kafin washegari. Idan bai washe ba, ka tsallake ranar. Yawan abinci ya fi yunwa kashe su.

Amfanin wannan tsari shi ne kowace kwalba tana ɗauke da tsutsar da ta ƙyanƙyashe lokaci ɗaya, don haka kana zaɓar girman da ya dace da bakin kifinka. Ta kwana 1 ko 2 ta dace da 'ya'yan kifi. Ta kwana 3 ta dace da ƙananan tetra da rasbora. Ta kwana 4 zuwa 5 ta manya ce, beta da gurami da kifin mala'ika. A rana ta biyar bayan ƙyanƙyashewa ka kwashe kwalbar duka, ko kifi na buƙata ko ba ya buƙata. Abin da ya rage a daskarar.

Shi kansa bokitin tarkon, duk iya lurarka wani ƙwan zai kuɓuce maka, kuma Aedes zai manna nasa a bango. Don haka kowane kwana 5 ka tace ruwan duka ta ƙyalle mai laushi zuwa wani mazubin, ka ba kifi abin da ƙyallen ya kama, ka goge bokitin da soso, ka ɗauraye, sannan ka mai da ruwan da ka tace. Haka ruwan ba ya rasa warinsa, kuma babu wadda ta kai fufa.

Idan a buɗaɗɗen bokiti za ka rena

To sai ka duba shi kullum, ba fashi. Kana buƙatar raga mai ƙananan ido sosai, irin wadda ake tace 'ya'yan jatan lande da ita, ko matacin shayi na roba da ka keɓe don wannan aiki. Tsutsa tana ganin inuwa tana jin motsi. Da ka leƙa, duk za su nutse. Ka tsaya ta yadda inuwarka ba za ta faɗa kan ruwan ba, ka riƙe ragar a gefe, ka yi shiru minti ɗaya, dole su dawo sama don numfashi. Sai ka share saman ruwan da ragar a jan hannu ɗaya. Ka jira, ka sake. Ganin fufa ko guda ɗaya yana nufin ka makara: a ranar za ka tace ruwan duka, kada ka tsaya tsince ta, domin inda ka ga ɗaya akwai goma a ƙasa. Idan kuma ka ga ɓawon fufa fanko yana yawo a sama, wasu sun riga sun tashi, sai ka rage kwanakin da kake bari.

Ɗebowa daga waje

Kududdufi, tsohuwar taya, tukunyar fure da ruwa ya kwanta a ciki, duk ana samun tsutsa, kuma kwashe ta alheri ne ga kowa. Amma ba kowace ce za ta shiga akwatin kifi ba. Ka guji ruwan kwata da na masai, da wanda ke gefen titi inda man mota ke gangarowa, da na gefen gona inda ake feshi. Magungunan ƙwari na dangin firetiroid, waɗanda su ne a yawancin maganin feshin ɗaki da gidan sauro mai magani, suna kashe kifi ko da kaɗan ne ƙwarai. Wannan ma ya shafi yadin da za ka rufe kwalba da shi: kada ka yanko daga gidan sauron da aka jiƙa da magani, ka nemi yadi mara magani. Haka kuma hukumomi kan zuba maganin kashe tsutsa a ruwan da ke kwance, kamar temefos, ko ƙwayar bakteriyar nan Bti da aka gano a 1976. Bti ba ya cutar da kifi, amma tsutsar da ta ci shi mutuwa take yi, ba ta da amfani a gare ka. Ka kuma guji ruwan da kifi ke rayuwa a ciki, don ta nan ne cututtukan kifi ke biyo ka gida. Ruwan da babu kifi a cikinsa ya fi aminci ta wannan fuska.

Abin da ka ɗebo, ka juye a farin faranti ko farin baho mai ɗan ruwa, ka zauna a wuri mai haske ka tantance. A nan ne ake kama ɓarayi. 'Ya'yan mazari, ƙwaron nan mai dogon jiki da fikafikai huɗu da ke shawagi a kan ruwa, suna da ƙafa shida da faffaɗan kai, kuma suna iya yin watanni a ɓoye cikin tsirran akwatinka suna cinye 'ya'yan kifi ɗaya bayan ɗaya. Tsutsar buzuzun ruwa tana da ƙahonnin baki biyu kamar lauje, tana kama kifin da ya kai girmanta. Akwai ƙwaron da ke iyo a rigingine, shi ma mafarauci ne, har mutum yana harba. Ga matsattsaku. Ƙa'idar mai sauƙi ce: tsutsar sauro ba ta da ƙafa. Duk abin da ka gani da ƙafafu ko da manyan haƙora, ka fitar. Sirinji mara allura ko bututun ɗiga magani ya fi yatsa saurin tsince waɗanda kake so.

Za ka iya ganin jar tsutsa a ƙasan bokiti, cikin laka. Ba ta sauro ba ce, ta wani ɗan ƙwaro ce mai kama da sauro wanda ba ya cizo, Chironomus, kuma jan launin daga sinadarin jini ne irin namu da ke taimaka mata rayuwa inda iska ta yi ƙaranci. Kifi yana sonta ƙwarai. Sai dai wasu mutane jikinsu ba ya jituwa da ita, tana sa su ƙaiƙayi da atishawa da kumburin ido, don haka kada ka murje ta da hannu. Akwai kuma wata fara garau kamar gilashi da ke tsayawa a miƙe a tsakiyar ruwa, Chaoborus. Manyan kifi su ci, amma kada ta shiga wurin jarirai, don ita ma farauta take yi.

Wankewa da ciyarwa

Ko daga ina tsutsar ta fito, ruwanta ba ya shiga akwatin kifi. Ka tace ta a raga, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta mara kulorin sau biyu ko uku. Idan daga waje ka ɗebo, ka bar ta a rufaffiyar kwalbar ruwa mai tsabta na 'yan sa'o'i ta fitar da abin da ke cikinta, ka sake ɗaurayewa.

Ka kashe injin tace ruwa na minti goma, in ba haka ba zai zuƙe rabin abincin, ko kuma tsutsar ta maƙale a cikinsa ta ƙarasa girma a can. Ka zuba kaɗan, ka tsaya ka kalla. Abin da kifi zai cinye cikin minti biyu ko uku shi ne ƙima. Beta guda ɗaya, manyan tsutsa biyar zuwa takwas sun ishe shi a zama ɗaya. Shi ba ya sanin ya ƙoshi, zai ci har cikinsa ya yi tulu, washegari ka gan shi yana iyo a karkace. Idan akwai fufa a cikin abin da ka kwaso, ita za ka fara bayarwa, kuma ka ga an haɗiye ta da idonka. Da safe ko da rana ake ba da wannan abinci, lokacin da kifi ke gani yana da kuzari. Wanda aka zuba dab da kashe fitila yakan sami mafaka.

Mafakar ita ce matsalar akwati mai tsirrai da yawa, musamman masu yawo a saman ruwa. Tsutsa takan shige tsakanin saiwoyi inda kifi ba ya kaiwa, ruwan akwatin kuma ɗumi gare shi, digiri 24 zuwa 28, daidai abin da take so. Na taɓa kwana uku ina neman ta inda sauro ke shigowa ɗaki alhali tagogi duk da raga, ashe daga bayan injin ɗumama ruwa suke fitowa. Tun daga nan, a irin wannan akwati nakan ware tsirran gefe guda kafin in zuba, in kuma riƙa bayarwa da bututu, 'yan kaɗan-kaɗan, a gaban kifin. Murfi mai rufewa ruf yana taimakawa, ko banza kifin da ke farauta a saman ruwa yakan yi tsalle.

Ba kowane kifi ne wannan abincin ya dace da shi ba. Masu kiwo a ƙasa, kamar masu tsotsar gilashi, ba za su hau sama su kama ba. Akwatin da jatan lande ne kaɗai a ciki kada a zuba ko ɗaya, don babu mai ci. Kifayen da asalinsu masu cin gansakuka ne, kamar mbuna na tafkin Malawi da Tropheus na tafkin Tanganyika, hanjinsu dogo ne, an yi shi don ganye, yawan abinci mai nama yana kumbura musu ciki. Ga sauran kuwa, sau biyu zuwa huɗu a mako ya isa, a ci gaba da busasshen abinci mai kyau a sauran ranaku. Kifin da aka saba masa da tsutsa kullum yakan yi zuciya ya ƙi komai ranar da ta yanke, kuma takan yanke, lokacin sanyi ko lokacin da iska ta bushe.

Inda tsutsar sauro ta fi nuna kanta shi ne wajen shirya kifi don hayayyafa. Ka raba mace da namiji, ka ba su ita safe da yamma na mako ɗaya zuwa biyu, za ka ga cikin macen ya cika da ƙwai, launin namijin ya fito, beta da gurami su fara tara kumfa a saman ruwa. Ga jarirai kuma akwai dabara mai daɗi: ka ɗora kwalekwalen ƙwai guda a saman ruwan akwatinsu, yana ƙyanƙyashewa suna kamawa. 'Ya'yan gofi da moli, da yake haihuwarsu ake yi da ɗan girmansu, suna iya ci tun kwanakin farko. Na beta da gurami ƙanana ne ƙwarai, sai sun yi kamar mako biyu suna cin abin da ya fi wannan ƙanƙanta. Ka lura da kyau a nan, domin tsutsar da ta tsira takan fi jariran saurin girma, cikin kwana uku ta fi ƙarfin bakinsu. Ka zuƙe irin waɗannan da bututu ka kai wa manya.

Ajiya

Sanyi yana rage musu saurin girma. Kwalba mai ɗan ruwa kaɗan, a rufe da yadi, a ƙasan firji, takan riƙe tsutsa kwana biyu ko uku, ko da yake nau'in ƙasashe masu zafi ba sa jure sanyi sosai, wasu za su mutu. Wadda ta mutu ta yi fari ta saki jiki, a zubar. Abin da ya fi shi ne daskarewa. Ka wanke tsutsar, ka tsane ta, ka zuba a farantin yin ƙanƙara da ɗan ruwa kaɗan, ko ka shimfiɗa ta siriri a ledar da ake zugewa yadda za ka riƙa ɓallar abin da kake so. Ka rubuta abin da ke ciki da manyan baƙaƙe, saboda sauran mutanen gida. Tana yin wata biyu zuwa uku lafiya. Ranar bayarwa ka narkar da ɗan gutsure a ƙaramin kofi, ka zubar da ruwan, ka ba kifi. Wadda ta narke ba a mayar da ita. Daskararriya tana nutsewa, don haka masu kiwo a ƙasa ma sukan samu rabonsu.

Ranar da za ka yi tafiya, ko da ta kwana uku ce, ko ka ga aiki zai sha kanka, ka rufe harkar gaba ɗaya. Ka tace bokiti da kwalabe, ka daskarar da abin da ka samu. Ruwan kuma a busasshiyar ƙasa ake zubar da shi, inda zai tsotse cikin minti kaɗan, kada a zuba a kwata ko magudana inda wadda ta kuɓuce za ta ƙarasa girma. Ka zuba tafasasshen ruwa a bangon bokitin, ka goge, ka kifa shi a inda ruwan sama ba zai taru a gindinsa ba. Idan ka dawo, sabon jiƙon ciyawa kwana huɗu kawai yake buƙata.